Mugu Ba Shi da Kama: Darasi daga Fim ɗin "Mutum na Uku"

1.0 Gabatarwa

Wata rana na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke kan hanyar Kazaure zuwa Roni. Na tarar da ɗaya daga cikinsu yana koyar da darasin taurari a ƙagaggen labari. Ya yi shiri mai kyau, ya jera sunayen mutanen labarin a kan allo. Yana cikin bayani sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a cikinsu wane ne bos?" Aji ya fashe da dariya. Malamin ya nuna suna ɗaya, yaro ya gamsu, darasi ya ci gaba. Ni kuwa tambayar nan ta bi ni har gida, domin ta nuna mini yadda yaranmu suka ɗauki labari: akwai jarumi, akwai bos, kuma da ganin fuska ake bambance su.

Yaron bai yi laifi ba, abin da aka saba nuna masa ke nan. Tun zamanin da ake cika gidajen siliman Kano don kallon Amjad Khan a fim ɗin Sholay na 1975, ko Amrish Puri a Mr. India na 1987, har zuwa yau da ake tura wa matasa finafinan fassara a waya a bakin tasha, mugun fim yakan zo ne da alamominsa: jajayen idanu, ƙatuwar murya, muguwar dariya da zugar 'yan daba a bayansa. Finafinanmu na Hausa da dama sun gaji wannan tsari. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, malamin Hausa da ya bar ɗalibansa a kan wannan fahimta ya tauye su, domin muguntar da za ta fi cutar da su a rayuwa da fara'a take zuwa, sau da yawa ma daga hannun wanda suka sani. Zan kafa hujja da wani tsohon fim na 1949 mai suna The Third Man, wato "Mutum na Uku", da yadda aka zaɓi 'yan wasansa, sannan in nuna inda labarinsa ya taɓa ƙasarmu.

2.0 Nau'in Fim ɗin da Asalinsa

A shekarun 1940 da 1950 an yi yayin wasu finafinai na laifi da bincike, musamman a Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, manazartan fim na Faransa, cikinsu har da Nino Frank, suka laƙaba musu suna film noir, ma'ana fim mai duhu. Duhun iri biyu ne. Akwai na hoto, domin baƙi da fari ne, yawancin abubuwa da dare suke faruwa, cikin inuwa da lunguna. Akwai kuma na zuci, domin jigoginsu ba su wuce kwaɗayi da cin amana da kisan kai ba, babban tauraro yana da nasa rauni, kuma ba kasafai labari ke ƙarewa da biki ba. The Maltese Falcon na 1941 da Double Indemnity na 1944 suna cikin fitattun wannan nau'i.

"Mutum na Uku" fim ne na Ingila. Carol Reed ne ya ba da umarni, marubucin nan Graham Greene, wanda ya taɓa aiki a Firitawun ta Saliyo lokacin yaƙi, shi ya rubuta labarin. An ɗauki mafi yawansa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a daidai lokacin da yaƙi ya bar birnin cikin kangaye, kuma ƙasashe huɗu da suka yi nasara, wato Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet, suka kasa shi shiyya-shiyya, kowace da sojojinta. Abinci da magani sun yi ƙaranci, kasuwar bayan fage ta bunƙasa, mai laifi kuma yana iya tsallakawa daga wannan shiyya zuwa waccan ya tsira. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Cannes a 1949, mai ɗaukar hotonsa Robert Krasker ya sami kyautar Oscar, sannan a 1999 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sa shi a matsayi na ɗaya cikin finafinan ƙasar na ƙarni na ashirin.

3.0 Taƙaitaccen Labarin

Holly Martins Ba'amurke ne, marubucin ƙananan littattafan kaboyi, wanda aljihunsa ya bushe. Abokinsa tun na makaranta, Harry Lime, ya gayyace shi Biyana da alƙawarin aiki. Ranar da ya sauka aka shaida masa cewa mota ta buge Lime ya mutu, har ya riski jana'izarsa. A maƙabarta ya haɗu da Manjo Calloway na 'yan sandan sojan Birtaniya, wanda ya gaya masa cewa mamacin ɗan damfara ne, ya kuma shawarce shi da ya koma gida. Martins ya fusata, ya ƙudurta sai ya wanke sunan abokinsa.

Da ya fara bincike sai maganganu suka ƙi haɗuwa. Abokan Lime biyu, Kurtz da Popescu, sun ce su kaɗai suka ɗauke shi daga kan titi. Mai gadin gidan da Lime ke zaune kuwa ya ce mutum uku ya gani. Ba a jima ba aka kashe mai gadin. Daga nan Calloway ya buɗe wa Martins takardun shaida: Lime yana sa a sato maganin fenisilin daga asibitocin soja, ya sirka shi da ruwa don ya yi auki, ya sayar da tsada. Marasa lafiya da yawa sun mutu, cikinsu har da yara masu ciwon sanƙarau, waɗansu kuma sun rayu da taɓin ƙwaƙwalwa.

A wani dare Martins ya hangi mutum a tsaye cikin duhun ƙofar wani gida, kyanwa na shafar takalminsa. Wata mata ta kunna fitila a taga, haske ya faɗa kan fuskar mutumin, sai ga Harry Lime da ransa yana murmushi. Da aka tone kabari sai aka tarar da gawar wani ma'aikacin asibiti, Joseph Harbin, wanda ke sato masa maganin. Ashe Lime ne mutum na ukun da ya taya ɗaukar gawar da aka ce tasa ce. Bayan dogon kai-kawo Martins ya yarda a yi tarko da shi. Lime ya gudu cikin manyan magudanan ruwa na ƙarƙashin birni, ya harbe wani sajan mai suna Paine, shi ma aka raunata shi, kuma Martins ne ya ƙarasa shi da hannunsa. Bayan jana'iza ta biyu Martins ya tsaya a gefen hanya yana jiran Anna Schmidt, masoyiyar Lime, wadda shi ma zuciyarsa ta kamu da sonta. Ta taho daga nesa, ta wuce shi ko kallo bai ishe ta ba. A nan fim ya ƙare.

4.0 'Yan Wasa da Hikimar Zaɓensu

Ƙarfin fim ɗin nan yana ga wanda aka ba kowane matsayi. Da an so a sauƙaƙa wa mai kallo, da an nemo mai mummunar fuska an ba shi matsayin Lime. Maimakon haka sai aka ba Orson Welles, mutum mai kwarjini da daɗin murya da iya zance. Ba ya bayyana sai an ci kimanin sa'a guda ana kallon fim ɗin da tsawonsa bai kai sa'a biyu ba, kuma fitowarsa kaɗan ce. Amma kafin ya bayyana kowa maganarsa yake yi, ta yadda ranar da haske ya faɗa kan fuskarsa mai kallo yakan ji daɗin ganinsa, alhali mintuna kaɗan da suka wuce aka gama lissafa masa gawawwakin da ya jawo. Wannan jin daɗi da mai kallo ke kama kansa yana yi shi ne darasin farko: idan ni da na ga takardun shaida murmushinsa ya saye ni, ina ga wanda bai gani ba?

Joseph Cotten, wanda ya fito a matsayin Martins, abokin Welles ne na haƙiƙa. Sun yi wasan dandamali tare, sun kuma fito a matsayin abokai a fim ɗin Citizen Kane na 1941. Saboda haka shaƙuwar da ke tsakaninsu a hoto ba ta nuna alamar ƙaƙale. Cotten bai fito da siffar gwarzo ba. Martins mutum ne mai kyakkyawar niyya da ƙarancin wayo, yana shan giya, yana saurin yarda, kuma surutunsa ne ya jawo aka kashe mai gadi. Shi da ya saba rubuta labaran da ake gane nagari da mugu tun daga shafin farko, ya zo inda ma'auninsa ya ƙi aiki. A wannan fuska shi da yaron da ya yi tambaya a aji ba su da bambanci.

Trevor Howard ya fito a matsayin Calloway: busasshen mutum, mai gajeriyar magana, wanda ba ya neman kowa ya so shi. Shi ne mai gaskiya a labarin, amma shi mai kallo ya fi jinkirin amincewa da shi. Alida Valli, 'yar Italiya, ita ce Anna, 'yar wasan kwaikwayo mai zaune da fasfon jabu da Lime ya samo mata. Ta ji duk abin da ya aikata, amma ta ƙi juya masa baya. Har ƙananan matsayi an ba su haƙƙinsu. Bernard Lee ya fito a matsayin Sajan Paine, mutumin kirki mai son karanta littattafan Martins, kuma shi harsashin Lime ya samu. Sanannun 'yan wasa masu jin Jamusanci irin su Paul Hörbiger da Ernst Deutsch suka riƙe matsayin mutanen gari. Kiɗan fim ɗin ma yana cikin dabarar. Anton Karas ya kaɗa shi da wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kira zither, kiɗa mai daɗi da annashuwa kamar na wurin shaƙatawa, a kan labarin da ke cike da mutuwa.

Fitowar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda abokan biyu suka hau wani makeken lilo mai siffar ƙafar keke, mai ɗakuna, wanda ke ɗaga mutane sama kusan mita 65. Da suka kai ƙololuwa Martins ya tambayi Lime ko ya taɓa ganin ɗaya daga cikin waɗanda ya cuta. Lime ya nuna masa mutanen da ke ƙasa, waɗanda nisa ya mayar kamar ɗige-ɗige, ya tambaye shi ko da gaske zai ƙi karɓar fam 20,000 a kan kowane ɗigo da ya daina motsi. Bai ɗaga murya ba, bai zare ido ba, lissafin ciniki kawai ya yi. Daga baya, lokacin da Martins ya janye daga taimakon hukuma yana shirin barin gari, Calloway ya biya da shi ta ɗakin yara a asibiti. Ba a nuna mana yaran ba, fuskar Martins kawai aka nuna yana bin gadaje da kallo. A nan ya sauya shawara. Gani ya kori ji. Fitowa biyun nan su ne ƙashin bayan fim ɗin: ɗaya ya hau sama don kada ya ga fuska, ɗaya an kai shi bakin gado ya gani.

5.0 Daga Biyana zuwa Ƙasar Hausa

Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan ɗalibin da zai koyar a Gwiwa ko Babura da abin da ya faru a Turai shekaru fiye da saba'in da suka wuce? Amsar tana cikin abubuwa biyu da labarin ya ginu a kansu, wato sanƙarau da jabun magani. Duka biyun ba baƙi ba ne a wurinmu.

Ƙasar Hausa tana cikin yankin Afirka da sanƙarau ke yawan ɓarkewa a lokacin zafi. A 1995 annobar ta auka wa Jamhuriyar Nijar. Cikin alluran rigakafin da aka kai gudummawa daga Nijeriya aka gano akwai na jabu waɗanda babu sinadarin magani a cikinsu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa fiye da mutum 50,000 aka yi wa su. A 1996 annobar ta game arewacin Nijeriya, fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Ko a tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023 Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda aka yi zargin sun kamu da cutar. Ta fuskar gurɓataccen magani kuwa, a 1990 yara 109 suka mutu a Nijeriya bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba, sannan a tsakanin 2008 da 2009 wasu 84 suka mutu sanadiyyar wani maganin fitar haƙori na jarirai. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko maras inganci. Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta kuma yaƙi masu wannan sana'a, an kai mata harin bindiga a watan Disamba na 2003, ta tsira da ƙyar.

Duk wanda ya zuba ruwa a kwalba ya liƙa mata takardar rigakafi ya yi lissafin da Lime ya yi a kan lilo. Bai san sunan yaron da za a yi wa allurar ba, ba zai je zaman makokinsa ba. Tsakaninsa da gawa akwai dillali da direba da mai shago da iyakar ƙasa. Babura tana kusa da iyakar Nijar, Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da Jihar Katsina, Kazaure kuma tana kan babbar hanyar Kano zuwa Daura. Kaya suna ratsa waɗannan wurare dare da rana, mafi yawansu na halal, kuma iyaka rahama ce ga ciniki da zumunci. Sai dai kamar yadda shiyyoyin Biyana suka ba Lime mafaka, haka yawan hannuwa da yawan iyakoki ke sa a rasa wanda za a kama. Wanda ya tsara cutar kuwa ba lalle ne ya yi kama da ɗan daba ba. Yana iya zama mai kyauta, mai gaisuwa da ladabi, wanda ake kira a ba shi kujerar gaba a taro. Mugu ba shi da kama, in ji Bahaushe, kuma wannan karin magana ita ce fim ɗin ya fassara da hoto.

6.0 Iyakar Rufin Asiri

Tambayar da ta fi wuya a fim ɗin ita ce wadda ta fi kusa da al'adarmu. Bahaushe yana girmama amana da rufin asiri, yana ƙyamar mai tona asirin ɗan'uwansa. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, ita ke riƙe da gidaje da unguwanni. To, me ya wajaba a kan mutum idan ya gano cewa amininsa ne ke kashe 'ya'yan mutane?

Fim ɗin ya ajiye amsa uku a gabanmu. Anna ta zaɓi amana ko da me za a yi, har ta ƙi hanyar tsira da Martins ya samo mata da ta fahimci cewa da kan Lime aka saye ta. Calloway ya tsaya kan doka, babu ruwansa da abota. Martins yana tsakiya, yana jan ƙafa. Abin lura shi ne, da farko don ya ceci Anna ya yarda ya taimaki hukuma, wato don bukatar zuciyarsa. Sai da ya ga yaran sannan ya yi abin don su. Kuma da ya yi, ba a saka masa da komai ba: ya rasa aboki, ya rasa matar da yake so. Greene da farko ya so labarin ya ƙare da sasantawa tsakanin Martins da Anna, Reed ya ƙi, daga baya Greene ya amsa cewa Reed ne ke da gaskiya.

A ganina Martins ya yi daidai, Anna ta yi kuskure, ko da yake kuskurenta irin na masu amana ne. Rufin asiri ya dace da laifin da ya wuce, ko wanda cutarsa ta tsaya kan mai yinsa. Idan kuwa cutar tana ci gaba, tana kuma faɗawa kan waɗanda ba su da bakin kare kansu, to shiru ya zama hannu a cikin aikin, domin abokin ɓarawo ɓarawo ne. Amma ina yaba wa fim ɗin da bai ɓoye tsadar wannan matsayi ba. A ƙananan garuruwa, inda mai shagon magani ƙanin wani ne, surukin wani ne, wanda ya buɗe baki yana iya rasa gaisuwar rabin unguwa. Ku da za ku zama malamai za ku gamu da irin wannan ko da a ƙaramin sikeli: abokin aiki da ke sayar da amsar jarrabawa, ko wanda ke cin zarafin ɗaliba. Labarin da ya ce muku faɗin gaskiya yana ƙarewa da tafi ya yaudare ku. Wanda ya nuna muku ɗacinta, ya kuma nuna cewa duk da haka ita ce daidai, shi ya shirya ku.

7.0 Abin da Masu Ja Za Su Ce

Akwai ƙorafi uku da nake ganin sun cancanci amsa. Na farko, za a ce wannan fim na Turawa ne, da harshensu da al'adunsu, bai da gurbi a darasin Hausa. Gaskiya ne adabinmu shi ne tushe, kuma ba a rasa irin wannan jigo a cikinsa ba. Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East labarin ramuwar gayya ne da ya cinye mai yi da wanda aka yi wa. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka fito a 1982, sun shiga duniyar ta'addanci da fasa-ƙwauri. A fagen fim akwai Ƙasarmu Ce na Saddik Balewa, na 1991, labarin attajirin da ya so ya mallake ƙasar wani ƙauye saboda ma'adinan da ke cikinta, har aka yi kisa. Kawo misali daga waje ba ya rage wa waɗannan daraja. Kwatance yana cikin hanyoyin nazari, kuma mutum yakan fi ganin gidansa sosai idan ya leƙa na maƙwabci.

Na biyu, za a ce ƙawata mugu haɗari ne, yara za su so shi su kwaikwaye shi. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, tarihin fim ɗin kansa ya tabbatar da shi. Jama'a sun so Lime har aka shirya wasan rediyo a 1951 da 1952, Welles ya sake riƙe matsayin, aka mayar da shi ɗan duniya mai ban sha'awa. Amma mu tuna mun daɗe da namu irin wannan tauraro. Gizo maƙaryaci ne, mayaudari, mai haɗama, kuma duk yaro yana son sa fiye da Kura ko Dodo. Iyayenmu mata ba su daina ba da tatsuniyarsa ba, sai dai sukan kai labarin inda asirinsa ke tonuwa. Haɗarin yana ga labarin da ya nuna wayon mugu ya ɓoye waɗanda ya cuta. "Mutum na Uku" ya kai mu asibiti. Aikin malami shi ne ya tabbata ɗalibansa ba su tsaya a kan lilo ba.

Na uku, za a ce makarantunmu ba su da wuta balle na'urar nuna fim. Haka ne a wurare da yawa. Sai dai darasin bai dogara ga na'ura ba. Malamin da ya kalli fim ɗin, ko da a wayarsa ne, yana iya ba da labarin da Hausa cikin minti goma, kamar yadda aka saba ba da labari tun kafin a san silima.

8.0 Yadda Za a Kai Shi Aji

Ina ba da shawarar matakai huɗu. Da farko malami ya ba da labarin ya tsaya daidai inda Calloway ya kira Lime ɗan damfara, ya tambayi aji wa suka gaskata da dalilinsu. Na biyu, ya ƙarasa labarin, ya sa su jera halayen kowane tauraro gida biyu: abin da ke jawo mutum gare shi da abin da ya aikata. A nan za su ga da idonsu cewa gidajen biyu ba lalle su dace ba. Na uku, a shirya muhawara tsakanin masu goyon bayan Anna da masu goyon bayan Martins, kowane ɓangare ya kawo karin magana da ke tallafa masa. Na huɗu, a sa su rubuta gajeren wasan kwaikwayo da ya faru a garinsu, a ranar kasuwa ko a tasha, da sharaɗi ɗaya: kada mugun ya yi tsawa, kada ya riƙe makami, kuma dole a nuna wanda ya cutu. A gargaɗe su kada su sa sunan wani mutum na gaske. Ta wannan hanya an koyar da jigo da taurari da zubi da tsari, an kuma koyar da lura.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa darajar "Mutum na Uku" tana ga yadda ya ba mugu fuskar aboki, ya ba mai gaskiya fuskar da ba ta jan hankali, ya kuma bar babban tauraro da zaɓin da babu daɗi a kowane ɓangarensa. An ga cewa laifin da aka gina labarin a kansa ya taɓa faruwa a ƙasarmu, a kan 'ya'yanmu, da cuta iri ɗaya. Mai sirka magani yana bukatar mutane su zama ɗige-ɗige a idonsa kafin ya iya cin ribarsa. Adabi kuwa, idan an koyar da shi yadda ya kamata, yana matso da ɗigon kusa har ya zama yaro mai suna da uwa da uba. Da zan sake komawa ajin nan na hanyar Roni, zan roƙi ɗalibina kada ya nuna wa yaron suna a kan allo. Ya ce masa, "Karanta ka gaya mini, sannan ka faɗa mini yadda aka yi ka gane."

Tambayoyi

1. Bayyana ma'anar "fim mai duhu" tare da kawo siffofinsa guda uku.
2. Wace hikima marubucin ya gani a ba Orson Welles matsayin Harry Lime?
3. Kwatanta fitowar kan lilo da fitowar asibiti, ka nuna yadda suka fito da jigon fim ɗin.
4. Marubucin ya ce Anna ta yi kuskure. Ka yarda ko ba ka yarda ba? Kafa hujja da karin magana biyu.
5. Zaɓi tauraro ɗaya daga wani ƙagaggen labari na Hausa da ka nazarta, ka nuna ko siffarsa ta zahiri ta dace da aikinsa.